Awon Jinin da Na Yi wa Mama a Gidan Suna

Ina yi wa masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta sallama. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina a rai, kuma a yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. A lokacin da abin ya faru ni yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare ba, haifaffiyar Gyadi-Gyadi. Babanmu tela ne, Umma kuma tana ƙulla zoɓo da kunun aya na sayarwa. Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare, na samu shiga wata kwalejin koyon aikin lafiya a nan Kano. Allah ya yi ni da baki, wannan kowa ya shaida. Tun ina ƙarama ba a tambayata abu in ce ban sani ba. Ko ban sani ba sai na ƙago amsa, in faɗe ta da ƙarfin hali har mai tambayar ya fara shakkar kansa. A gida abin dariya aka ɗauke shi, Baba yakan ce da lauya aka sa ni na karanta da kowa ya huta. Babu wanda ya ɗauki halin nan a bakin komai, ni ma haka.

Wanda ya tashi a unguwanni irin namu ya san al'adar. Ranar da aka ga yarinya ta fito da farar riga a hannu tana jiran adaidaita, daga ranar ta zama likita, ko da shekaranjiya ta fara shiga aji. Haka aka yi mini. Ban yi nisa ba matan layinmu suka daina kirana da sunana. Wannan ta aiko a tambaye ni maganin ƙurajen da suka feso wa ɗanta, waccan ta shigo da sakamakon gwaji in karanta mata, wata kuma ta zo da allurai a leda wai in ƙarasa mata a gida ta huta da bin layi. Alhali a lokacin abin da muke yi a kwaleji bai wuce haddar sunayen ƙasusuwa da koyon wanke hannu da gyaran gadon majinyaci ba. Ƙanwata takan tsokane ni wai ga babbar likita mai digiri a wanke hannu, in harare ta in ce baƙin ciki ne ke damunta. Gaskiyar magana daɗi nake ji, daɗi sosai. An hana mu yawo da farar riga a wajen makaranta, amma ina sauka daga adaidaita nake zura abata, in taka a hankali har ƙofar gida don kada wani ya ce bai gani ba. Da aka koya mana awon jini kuwa sai abin ya ƙaru. Na takura wa yayanmu har ya sayo mini abin awon, irin wanda ake ɗaurawa a dantse a matsa roba, na riƙa yawo da shi a jaka. Baba sai da ya koma in ya ji motsina ya yi sauri ya fice shago, don na auna shi har ya gaji.

Cikin masu kirana likita da zuciya ɗaya akwai wata dattijuwa da duk layinmu ke kira Mama. Kirista ce 'yar asalin Filato, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, kuma tun kafin a haife ni muke maƙwabtaka, katanga ce kawai tsakani. A tsakar gidanta na koyi karatu da lissafi, don duk yamma takan tara yaran layi a tabarma ta yi musu lesin, ba ta karɓar komai, sai dai ta ja kunnen wanda ya zo da ƙazanta. Ita da Umma aminai ne na gaske. Da Sallah abincinmu na shiga gidanta, da Kirsimeti shinkafarta da cincin na shigo namu. Lokacin da na gama sakandare Baba ya so in tsaya haka in koyi ɗinki a wajensa, Mama ce ta je ta zauna a bencin shagonsa ta yi ta ba shi baki har ya sauko. Bayan mijinta ya rasu, ɗanta wanda ma'aikacin gwamnati ne ya ɗauke ta suka koma Darmanawa, amma ba a biki ko suna ko rasuwa a layinmu ba ta zo ba. Ta daɗe tana fama da hawan jini, kowa ya san kullum safiya tana shan magani, kuma tana zuwa asibiti a duba ta lokaci-lokaci.

Yayata ta yi haihuwar fari ta dawo gida wanka, don haka a gidanmu aka yi taron suna. Gida ya cika da mata, ana rabon waina da zoɓo, ni kuwa na ci kwalliya ina ta kai-kawo. Wata gwaggonmu ce ta fara, ta ce kanta na sarawa, ina likitar gidan ta zo ta duba ta. Kamar jira nake, na shige ɗaki na ɗauko jakata. Kafin ka ce kwabo mata sun yi layi a gefen rumfa, kowa na naɗe hannun riga a ƙarƙashin mayafi, ana dariya ana tsokanar juna. Ni ina zaune a kujera 'yar tsugunno ina matsa roba, ina yamutsa fuska irin ta manyan likitoci, ina yanke wa kowa hukunci. Da layi ya zo kan Mama ta miƙo hannu tana murmushi, ta ce yau ɗalibarta ce za ta duba ta, ta gode wa Allah da ya nuna mata wannan rana. Na auna, na sake aunawa, na ga jininta daidai yake, babu hawa ko kaɗan. Na faɗa mata haka da ƙarfi don kowa ya ji, har na ƙara da cewa jininta ya fi na 'yan matan wajen kyau.

Nan ta fara yi mini ƙorafi, irin wanda majinyaci ke yi wa wanda ya yarda da shi. Ta ce ƙwayoyin sun ishe ta, shekara da shekaru tana haɗiya, suna sa ta yawan fitsari har ba ta iya zama a coci a gama addu'a ba ta fita ba, wani lokacin kuma in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Ta tambaye ni, tunda ga shi jinin ya sauka, ko dole ne ta ci gaba da sha. Wannan tambayar ba a koya mana amsarta ba, ko kusa ba mu kai nan ba. Abin da ya kamata in ce shi ne ta koma wajen likitan da ya ɗora ta a kai. Amma mata sun yi tsit suna kallona, Umma na tsaye a bakin ɗaki baki har kunne, ni kuma ban saba cewa ban sani ba. Sai na gyara zama na ce ai magani don ciwo ake shan sa, ciwo kuma ya tafi, ga awo ya nuna. Na ƙara da wani zance da na tsinta a waya, wai yawan shan ƙwayoyin nan na lalata ƙoda, na ce ta ajiye su ta riƙa shan zoɓo marar sukari da tafarnuwa. Mama ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah, ta rungume ni, mata suka yi ta sa mini albarka, wata har da guɗa. Ranar ji nake duk Gyadi-Gyadi babu kamata.

Bayan 'yan kwanaki ta kira Umma a waya tana murna, ta ce fitsarin ya ragu, jirin ya tafi, ta ma fasa komawa asibiti ranar da aka ba ta tunda babu abin da za ta je yi. Ta ce ta tashi a taron matan cocinsu ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da ita ta hannun yarinyar da ta koya wa karatu. Umma ta riƙa maimaita labarin ga duk wadda ta shigo gidanmu, ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali kunnena na kan kowace kalma.

Muna cikin zango na biyu aka fara koya mana cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Malamin da ke koyar da mu wani dattijo ne mai barkwanci, wanda ya daɗe yana aiki a asibitocin karkara kafin ya dawo koyarwa. Ranar da ya zo kan hawan jini, kafin ya rubuta komai a allo sai ya tambaya wa da wa aka fara kira likita a unguwarsu. Aji ya fashe da dariya, hannuwa suka tashi, nawa ya fi na kowa tsawo. Ya bari muka gama, sannan ya ce to mu buɗe kunne. Ya ce hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani a warke. Mai shi in an auna an ga jininsa daidai, maganin ne ke riƙe da shi, ranar da ya ajiye kuma jinin zai koma ya hau, sau da yawa ba tare da mutum ya ji komai ba, sai dai a wayi gari ya faɗi. Ya ce in magani na damun majinyaci likita ke canza masa wani, ba a cewa ya daina. Ya ce a aikinsa ya ga mutane da yawa da ɓarin jikinsu ya shanye, kuma in aka bi diddigi sai a tarar wani mai ƙaramin sani ne a gida ya ce musu sun warke. Ban ji sauran laccar ba. Ƙawata da ke kusa da ni ta ga na daina rubutu, ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce yunwa ce.

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da zan iya cewa kuskure ne na ƙuruciya da rashin sani, kuma da ban rubuto muku ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne abin da na yi bayan na sani. Lambar Mama na cikin wayata. Daga bakin ƙofar kwaleji zan iya kiranta in ce ta koma kan maganinta yau ɗin nan, na yi kuskure, magana ta ƙare. Na ciro wayar, na kalle ta, na mayar jaka. Na ce wa kaina irin wannan magana ba ta waya ba ce, gara in je da kaina in same ta ita kaɗai in yi mata bayani a tsanake. Da na dawo gida na ga Umma, sai na tuna yadda take ba mutane labarin, na kasa buɗe baki. Washegari na ce akwai gwaji a aji, wata ranar na ce hadari ya haɗo, daga nan na ce sai ƙarshen mako. Tsakanin gidanmu da Darmanawa ba wata tafiya ba ce, wani ma da ƙafa yake zuwa. Ba nisa ne ya hana ni ba. Tunanin matan da suka sa mini albarka nake yi, da yadda za a ce ashe likitar layinmu ba ta san komai ba. Na riƙa lallashin kaina da cewa wataƙila ita nata daban ne, wataƙila da gaske ta warke, ai malamin bai ce kowa da kowa ba.

Wata Asabar dai na daure na shirya, na sa abin awon a jaka na tafi, ina ta bitar abin da zan faɗa a hanya. Ina yin sallama gabana ya faɗi, don falon cike yake da matan cocinsu, sun zo koyon waƙa. Mama ta taso da murna ta kama hannuna ta ja ni tsakiya, ta ce ga ta nan, ga yarinyar da take ba su labari. Suka yi ta tafa mini, aka kawo mini abinci da lemo, kafin in gama ci sun fara naɗe hannun riga. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe Mama ta zauna ta miƙo nata, tana cewa kwana biyun nan ƙeyarta na ɗan yi mata nauyi amma ta san zafin rana ne. Na ɗaura, na matsa, na saurara. Jinin ya hau, hawa mai ban tsoro, irin wanda aka ce mana in mun gani kada mu bar mutum ya zauna a gida. Na sake aunawa ko kunnena ne, abin bai canza ba. Na ɗago na ga idanu a kaina, kowa na murmushi yana jiran albishir. Wallahi na san abin da ya kamata in yi, a wannan karon ba ni da uzurin jahilci. Amma na kwance abin awon ina naɗewa, na ce ya ɗan motsa kaɗan, gajiya ce da zafin gari, ta samu hutu, in ciwon kan ya ci gaba ta leƙa asibiti. Na saka wannan ta ƙarshen ne don in samu abin kare kaina daga baya, kuma na faɗe ta sama-sama yadda ba za ta ɗauke ta da muhimmanci ba. Na yi niyyar in ja ta gefe kafin in tafi, amma ta rako ni har bakin titi tare da wasu daga cikin matan, ta tsayar mini da adaidaita da kanta. Na hau ina ce wa kaina zan dawo ranar da babu kowa.

Ban koma ba. Jarrabawa ta matso na fake da ita, abin awon ma na cusa shi ƙasan akwati. Umma ta lura na rage surutu, ta tambaye ni na ce karatu ne. Ana cikin haka wata safiya ina shirin fita ɗan Mama ya kira Umma. Ina tsaye ina ɗaura ɗankwali na ji Umma na salati, na gane ko ba a faɗa mini ba. Mama ta faɗi a tsakar gida tana shara, an kwashe ta zuwa asibiti. Da muka je mun tarar an ba ta gado, bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta ɗauke, sai wani sauti da ba a gane komai a cikinsa. Matar da ta koya wa yaran layi guda karatu, ga ta kwance ana goge mata yawu. Ɗanta ya ce likita ya tambaye shi dalilin da ya sa ta bar shan magani, shi kuwa bai ma san ta bari ba, don da sassafe yake fita aiki, kuma ta ɓoye masa saboda ta san zai yi faɗa. Sai ya juyo gare ni ya ce tunda ni ce ta fannin, in taimaka in riƙa yi musu bayanin abin da likitoci ke faɗa. Na gyaɗa masa kai.

Da muka dawo gida Umma ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce da kunnenta ta ji abin da na faɗa ranar suna, kuma ita ma tana da nata kason, don ita ta fi kowa yayata zancen. Ta tambaye ni abu ɗaya, ko na san kuskure ne kafin yau. Na so in yi ƙarya, bakina ya saba, amma na kasa. Na faɗa mata komai, har zuwan da na yi Darmanawa da abin da na gani a awo. Ban taɓa ganin fuskar Umma haka ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce dai matar nan ta ɗauke ni tun ina cikin tsumma, amma na duba girman kaina na duba ranta, na zaɓi girman kaina. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, ni zan je in faɗa da bakina, kuma kada in ƙara bari a kira ni likita a gidanta.

Sai da aka sallamo Mama na iya. Na samu ɗanta a ƙofar gida na faɗa masa tun daga farko, ban rage komai ba. Ashe zuwa lokacin matan cocin sun gaya masa rabin labarin, na ranar suna, ya yi shiru ne don ya ɗauka rashin sani ne na yarinya, har ya yafe a ransa. Sauran rabin, cewa na auna na gani na rufe bakina, daga wajena ya fara ji. Ya ce da na kira shi a ranar ko a ɓoye ne, da shi zai kai ta asibiti, kuma babu wanda zai san ni na faɗa. Wannan hanyar ko sau ɗaya ba ta zo mini a rai ba, saboda duk tunanina a kaina yake, ba a kanta ba. Ya ce ba zai kai ƙarata makaranta ba don albarkacin Umma, amma in shiga in faɗa wa mahaifiyarsa da kaina, ita ce mai haƙƙin.

Na shiga na same ta a ɗaki an jingina ta da filo. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata. Likitoci sun ce tana jin magana tana ganewa, fitar da ita ce ba ta iyawa, kuma na ga alamar haka, don da na zo kan ranar Asabar ɗin idonta ya cika da hawaye. Na roƙe ta gafara ina kuka. Ta dube ni ta fara ƙoƙarin magana, leɓenta na rawa, ta fitar da wasu sautuka, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ta gaji ta rufe ido. Na kasa kunne iya iyawata ban gane ko kalma ɗaya ba. Ban sani ba ko cewa take ta yafe, ko tambayata take me ta yi mini. Ba a daɗe ba danginta suka zo suka tafi da ita gida Filato inda akwai masu kula da ita. Can ta yi sauran kwanakinta, maganar ba ta dawo ba har ta rasu. Umma ta je gaisuwa, ni na kasa.

Na so in bar kwalejin. Na je na samu malamin nan a ofis na faɗa masa abin da na aikata, ina jiran ya ce ban dace da aikin ba. Bai tausasa mini ba, ya ce abin da na yi babba ne kuma zai bi ni har ƙarshen rayuwata, amma in na gudu babu wanda zai amfana, gara in zauna in koyi aikin yadda ya kamata. Na zauna. Na koma kujerar gaba, ina tambaya har abokan karatu suka fara yi mini tsiya wai na fiye naci. Na koyi cewa ban sani ba a gaban mutane, da farko da ƙyar take fita, yanzu ko a jikina. Matan layinmu sun yi gunaguni da na daina duba su a gida, wasu suka ce girman kai ne ya shige ni, abin dariya, a daidai lokacin da ya fara fita. Na gama, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a wajen Hotoro. Akan tambaye ni me na fi ƙaruwa da shi a kwaleji, a zaci zan ce allura ko karɓar haihuwa. Abin da na fi ƙaruwa da shi sanin iyakata ne, da gane cewa abin da aka koya mini a aji ba ado ba ne, haƙƙin wanda ya miƙo mini hannunsa ne. Sai dai ni na biya wannan darasi da lafiyar wata, ba da tawa ba, kuma wannan ne ba na iya yafe wa kaina.

Na rubuto ne saboda na san a yanzu haka akwai wata yarinya ko wani yaro da ya fara shiga aji, an riga an laƙaba masa sunan da bai kai ba, yana jin daɗinsa kamar yadda na ji. Iyaye da maƙwabta, ku yi alfahari da yaranku, amma ku bari su gama koyo, kada ku ɗora musu ran mutum saboda kun ga farar riga. Mai shan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye don wani ya ce ya warke, ko da ɗansa ne na cikinsa, ya koma wajen likitan da ya ba shi. Ke kuma ƙanwata ɗaliba da ke karanta wannan, kuskure kowa na yi, kuma wanda aka yi cikin rashin sani Allah na gani. Amma ranar da kika gane kin faɗa wa wani abin da zai cutar da shi, ki koma a ranar. Ki kira a waya, ki aika, ki faɗa ko a gaban wa yake, kunyar ba za ta kashe ki ba. Ni na tsaya jiran ranar da zan samu Mama ita kaɗai don kada kowa ya ji na yi kuskure. Na kuwa same ta ita kaɗai, a ranar da ba za ta iya ba ni amsa ba.